Ranar da Kawu Minas Ya Ƙi Rufe Ƙofa

Kawu Minas ya baro tsibirinmu na Kitira gemu bai fito masa ba. Wanke-wanke ya fara yi a gidan abincin wani ɗan ƙauyenmu da ya riga shi zuwa Ostireliya, yana kwana kan buhunan dankali, har Allah ya ba shi nasa a Warrabin, garin masu askin tumaki can cikin karkarar Ostireliya. Mutanen gari suka kasa faɗin sunansa, suka mai da shi Mick. Naman sa da ƙwai yake sayar musu, da madara mai ƙanƙara. Tafarnuwa da zaitun namu ne, a ɗakin baya. Dokarsa ɗaya ce: ƙofa ba ta rufuwa, zagi ba a rama shi.

To, ranar da rediyo ta ce Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren abokan gaban Ostireliya, ina goge tebura na ji gari ya yi tsit. Mu ba 'yan Italiya ba ne, amma su a wurinsu duk mai baƙin gashi ɗan Italiya ne. Da aka tashi mashaya da yamma, sai ga su tafe, Clarrie Dunn, wanda ya saba cin abinci a wurinmu, a gaba, bulo a hannu.

"Minas, sa sakata!" in ji matarsa, Inna Stamatina.

"In na rufe yau, na rufe ke nan har abada."

Ta sauke kaskon mai yana tafasa, ta laɓe bayan ƙofa. Na san halinta, na kuma san in man nan ya taɓa mutum ɗaya, toka za a kwashe a wurin da safe.

"Fito, ɗan taliya!" Clarrie ya daka tsawa. "Ina hoton ubangidanku, shugaban Italiya?"

Kawu ya ɗaure ƙyallen aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa, jikinsa ya tare Inna.

"Clarrie, ƙwai biyu ko uku?"

"Wa ya ce maka yunwa ta kawo ni?"

"Daga mashaya kake. Yaushe ka taɓa wuce nan ba yunwa?"

Wani ya yi dariya. Wani kuma daga baya ya wurgo dutse, babban gilashin gaba ya zube gaba ɗaya. Inna ta yunƙuro. Kawu bai waiwaya ba, ya miƙa hannu baya ya damƙe mariƙin kaskon, man ya fantsamo masa a wuyan hannu.

"Ku shigo," ya ce, "amma ku kula da ƙafafunku."

Clarrie ya dubi bulon kamar wani ne ya ba shi ajiya. Ya jingine shi a bango, ya shigo, gilashi na ƙara ƙarƙashin takalminsa. Kaɗan suka biyo shi, saura suka sulale.

Kawu ya soya musu da hannu ɗaya. Gidan ya tsira, ya ƙara shekaru masu yawa yana ciyar da garin. Clarrie ma bai daina zuwa ba, sai dai daga ranar Kawu bai sake kai masa faranti da kansa ba. Ni yake turawa.