Baba Ma'auni da Na'urar Farin Ciki

A wani katafaren kamfani mai ƙera ƙarafan gadoji akwai dattijon da ake kira Baba Ma'auni. Aikinsa gwada kusoshi: ya ɗaure, ya ja, ya rubuta nauyin da ya karya su. Shekara ashirin da shida bai taɓa rubuta lambar ƙarya ba. Ko matarsa ta tambaye shi yaya miya, sai ya ce, "Bakwai cikin goma." Haka take haƙuri da shi, baiwar Allah.

Ana nan sai manyan kamfani suka kafa na'ura a bakin ƙofa, wai don auna farin cikin ma'aikata. Maɓalli uku gare ta: kore na murna, ruwan ɗorawa na tsaka-tsaki, ja na ɓacin rai. Duk sashen da korensa bai cika ɗari bisa ɗari ba, ranar Asabar za a tara shi a koya masa murmushi tun safe har yamma.

Kowa kore yake dannawa, har wanda fankar ofishinsa ta shekara uku ba ta juya ba. Baba kuwa kullum ruwan ɗorawa. Asabar huɗu a jere 'yan sashensa suna washe haƙora gaban allo, duk saboda shi.

Shugabar sashen ta tare shi. "Haba Baba! Don girman Allah ka danna kore. 'Ya'yana sun fara manta kamannina."

"'Yata, kujerata ƙafa uku gare ta. Takardar neman sabuwa tana yawo a ofis-ofis tun bara. In ce ina murna?"

"Ka ce mana! Wa zai mutu?"

Tausayinta ya kama shi. Ranar Litinin ya tsaya gaban na'urar, gumi na keto masa, ya runtse ido ya danna kore. Wata guda yana yi, har ya rame.

Ƙarshen wata sakamakon kamfani ya fito: ɗari cif. Manyan injiniyoyi suka dubi juna. Duk wanda ya san aiki ya san ma'aunin da ya kafe a ƙarshen layi ya lalace. Suka soke sakamakon, suka ce kowa da kowa ya fito Asabar har sai an gyara. To wa zai duba na'urar? Wa kuwa in ba Baba ba!

Ya kwance ta, ya bi wayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarta lau. A ƙasan takardar rahoto akwai layi: "Abin da ya lalace." Ya daɗe riƙe da biro, idonsa ya kaɗa. Sannan ya rubuta lambar katinsa na aiki, ya sa hannu.