Wutar da Ta Ci Gonar Dehen ta Ƙarƙashi

Dehen, wanda kowa a ƙauyen ke kira Baban Kambang, da zarto mai inji ya yi ƙuruciyarsa. A kurmin tsakiyar Kalimantan ya tashi, lokacin da sarar itace ce sana'ar duk wani mai jini a jika. Da hannunsa ya haƙa doguwar kwatar da suke turo gumagumai ta cikinta zuwa kogi. Da manyan itatuwa suka ƙare, sai ya ajiye zarto, ya dasa itatuwan roba a ƙarshen kwatar, ya koma tsagar ƙaro. Da gonar nan ya aurar da 'yarsa Kambang, da ita ya yi wa gidansa rufin kwano.

Ana nan sai ƙauyen ya yi shawara da wata ƙungiya: za a toshe duk kwatocin don ruwa ya zauna a kurmi, su kuma a ba su irin dashe da 'ya'yan kifi. Kowa ya yarda ban da Dehen. Tundan, dagacin ƙauyen kuma abokin wasansa, ya same shi yana gyaran kwalekwalen da yake bin kwatar da shi zuwa gona.

"Baban Kambang, taka kaɗai ta rage. Ita ke tsotse ruwan kurmin nan. Ka san ƙasarmu ruɓaɓɓen ganye ce, in ta bushe makamashi ce. An ce hayaƙinta har duniya yake ɗumamawa."

"To in ka toshe, kai za ka riƙa goya ni zuwa gona? Da wannan tumbin naka?" Dehen ya kwashe da dariya. "Ƙasa ta ci wuta! Ranka ya daɗe, rage shan giyar shinkafa."

A shekarar ruwa ya yi jinkiri ƙwarai. Kwatar da kanta ta ƙafe, dole shi da matarsa Lamiang suka koma zuwa gona a ƙafa. Wata safiya suka isa, hayaƙi ya rufe sama, amma babu harshen wuta ko ɗaya. Itatuwan na tsaye, ganyensu kore shar. Dehen ya sauke ajiyar zuciya.

Sai itacen da ke gabansa ya karkata. Ba iska, ba gatari. A hankali ya kwanta, rim! Na kusa da shi ya bi, na bayansa ma haka. Gindinsu ya ɗago sama, babu saiwa, sai garwashi jajir.

"Baban Kambang, me nake gani haka?" in ji Lamiang.

Shi da ya ƙare rayuwarsa yana kayar da itace bai taɓa ganin wanda ya faɗi don kansa da ganye a jikinsa ba. Ya zabura zai shiga gonar, ƙasa ta burma da shi har gwiwa.

"Wayyo Allah! Ƙafata!"

Lamiang ta kama rigarsa ta fizgo shi iya ƙarfinta. Takalmin robarsa ya narke ya manne da fata. Daga ramin da ƙafar ta bari, farin hayaƙi ya riƙa tasowa kamar an buɗe tukunya.

Mutanen ƙauye suka kawo injin ban ruwa, suka yi ta kwarara, ƙasa na shanyewa tana huci. Wutar ba ta mutu ba sai da damina ta sauka. Ta cinye gonar, ta shiga kurmin gari, yara suka yi ta tari, aka rufe makaranta.

Tundan ya zo dubiya da dafaffen kifi. Ya tarar da Dehen kwance, ido a rufin ɗaki.

"Kore fa suke, Tundan," ya ce, ya sake cewa. "Wallahi kore suke."

Dagacin bai yi masa gori ba. Can Dehen ya ce, "Ku je ku toshe kwatar. Katakon da ke bayan gida ma ku ɗiba."

Ƙafar ta warke da ɗingishi. Yanzu yana cikin masu sintirin wuta na ƙauyen, yana yawo da dogon ƙarfe, ya soka a ƙasa, ya zaro, ya taɓa bakin ƙarfen ya ji ko da zafi. Inda gonar take ya dasa itatuwan fadama, ya kuma saka tarun kifi a ruwan da ya taru. Lamiang ta ce ko a tsakar gida zai zauna, sai ya fara ɗora tafin hannunsa a ƙasa ya ji.