Goggo Ige da garin filaskon da na kai gwaji

Shekara talatin da huɗu ke nan da muka binne Goggo Ige a Kebbe. Yayar mahaifina ce, ita ta goya ni. A zamaninta duk wanda cikinsa ya bushe, daga Fakku har Sanyinna, gidanta ake nuna masa. Ganyen filasko take dakawa da tsamiya da 'yar kanwa, ta ƙulla a ƙyalle.

Farkon Jihar Sakkwato, lokacin da kuɗin mai ke yawo, ina malamin asibiti a Tambuwal. Wata damina aka kawo mini wani dattijo daga Fakku, kwana uku yana zawo, idanu sun faɗa. Da na tambayi abin da ya sha, matarsa ta miƙo mini ragowar maganin. Na gane ƙullin Goggo.

Da ƙyar dattijon ya tashi. Na yi mako ina neman bakin da zan gaya wa Goggo. Da na faɗa, ba ta yi musu ba. Ta ɗebo garin, ta ce, "Kai ma masu na'ura su duba, ɗana. Ni idona bai ga komi ba."

Na kai ɗakin gwaji a Sakkwato. Ranar da na dawo, tun daga zaure ta tare ni: "Mi sunka gani?" Na ce fumfuna ta kama ganyen saboda danshin ɗakin ajiya, kanwar kuma ta yi yawa. 

Ranar kasuwa ta ƙone buhu biyu na ganyen a ƙofar gida, duk wanda ya tambaya ta gaya masa dalili. Sannan ta tafi Fakku neman gafarar dattijon. Masu saye suka ragu, wasu suka koma wajen masu tallar magani da lasifika a tasha, ba su ƙara dawowa ba. Ita kuwa ta koma shanya ganye a kan rumfa, tana auna kanwa da cokali.

Yau kwalaben maganin bushewar ciki sun cika shaguna, wasu da lambar rajista, wasu babu. Da tana nan, na san gwajin da ake yi kafin a ba da lambar zai yi mata daɗi. Abin da za ta tambaya shi ne: in aka ce kayan mutum sun lalace, zai iya faɗa wa jama'a?

Haɗin nata ya tafi da ita, ba wanda ya gada. Amma sau biyu na yi kuskuren magani kafin in bar aiki, duka biyun da ƙafata na je na faɗa wa masu shi. Allah ya jiƙanki, Goggo.