Kunya Biyar na Iya Tabawa

Har na yi ritaya ban taɓa mantawa da ranar Larabar da aka tura mu rabon gonar gado a wani ƙauye da ke bayan Roni ba. Lokacin ina ƙaramin akawun kotu, ana gab da saukar damina.

Ga yadda aikin yake, don ku sababbin akawuna da ba ku taɓa fita ba. Alƙali ne yake yanke kason kowane magaji a takarda. Rajistara, wato shugaban akawuna, shi yake zuwa ya fitar da kason a ƙasa, mai unguwa yana shaida. Mamacin ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya, da mahaifiyarsa, Iya Tabawa. Matar tana da sumuni, ɗaya bisa takwas. Uwar tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Abin da ya rage na 'ya'ya ne.

Muka ƙirga gonar, kunya ɗari biyu da arba'in, tsawonsu ɗaya. Rajistara ya cire wa matar talatin, daidai. Sai ya raba ɗari biyu da goman da suka saura gida shida, ya ce tsohuwa tana da talatin da biyar.

Na matsa kusa da shi, na yi ƙasa da murya. «Ranka ya daɗe, sudusin daga gonar gaba ɗaya ake cirewa, ba daga saura ba. Arba'in ne nata.»

Ya dube ni sama da ƙasa. «Malam Sabi'u, yaushe ka zo aikin nan? Kunya biyar ce za ta tsayar da mu cikin ranar nan? Kafa turaku.»

Na kafa. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai: da hannuna na kafa su. Kunya biyar ba komai ba ce a wurin mai albashi, amma tsohuwar nan geron da za ta ci ke nan, ɗan da yake ciyar da ita kuwa yana kabari.

Da muka gama, ta dogaro sandarta ta zo har bakin babur ɗinmu.

«'Ya'yan nan, ni ban san lissafi ba. Allah ya yi muku albarka yadda kuka fitar mini da haƙƙina.»

Rajistara ya amsa da amin, ko kunya bai ji ba.

Kwana uku ina juya abin, sannan na shiga wurin alƙali da takardar. Ya lissafa da kansa, ya yi salati, ya ba da umarni a sake awo. Takardar umarnin ta kwanta a teburin rajistara har ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka ce ba a taɓa gona sai an girbe. Ni kuma aka mayar da ni kotun Gwiwa, wai ba ni da ladabi. Da kaka wani akawu ya je ya matsar da turakun. Ya tarar an yi sadakar bakwai ɗin Iya Tabawa.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ɗayanku yana cewa lissafin ɗaya bisa kaza na 'yan firamare ne. Duk kason da aka ba ku, ku fara tambaya: kason mene ne, duka ko saura? Kuma ku faɗa da ƙarfi a gaban shaidu, kada ku yi raɗa irin tawa. Mutanen da muke yi wa aiki ba za su kama kuskurenmu ba. Tsohuwar nan mun rage mata abinci, ita kuwa ta bi mu da addu'a.