Tafin Hannu a Kan Inji

A kasuwar motocin hannu ta birnin El Alto, Severino dillali ya bar nasa cinikin yana kallon wata dattijuwa a rumfar maƙwabcinsa. Gajera ce kakkaura, 'yar hularta zagayayya a ɗane bisa kitso biyu masu furfura. Ta sa an tayar da wata tsohuwar a-kori-kura, ta ɗora tafin hannu a kan murfin injin, ta lumshe ido.

Mai motar yana kaɗa mata takarda. "Mama, garanti wata uku. Duk abin da ya lalace a inji, gyaransa a wuyanmu."

Ba ta buɗe ido ba ta ce, "Ɗana, in ta mace mini a kan dutse da mai naƙuda a baya, takardar ce za ta tura mu asibiti?"

Severino ya dubi hannun nan yana lalubawa a hankali, kamar mai duba cikin wata tara. Ungozoma ce ke nan, daga wani ƙauye mai nisa da kwalta. Wa ya san rai nawa ta taɓa rasawa a hanya?

Ta ce, "Ƙara mata wuta." Severino ya juya ya kashe rediyonsa don ta ji sosai.