Malama Asta, Wadda Ta Sa Aka Yaye Kwanon Gidan Alhaji Dattijo

Kafin hantsi ya gama ɗagawa za ka ga Malama Asta ta sauka daga acaɓa a bakin kanal ɗin ban-ruwa, jakar allurai a kafaɗa, silifas duk taɓo. Tana da ofis a ƙaramin asibitin ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, amma ba ta zama a ciki. Gida-gida take bi. Ta auna jarirai, ta duba masu ciki, ta yi wa wannan faɗa, ta ci tuwon wancan. A ƙarshen wannan shekara ta 2008 za ta ajiye aiki. Ni ban iya yabon banza ba. Abin da ido ya gani shi zan faɗa.

Alhaji Dattijo manomin tumatir ne. Tun yana yaro rana ke gasa shi a fadama, har ƙeyarsa ta koma kamar gindin tukunya. Da noman rani ya karɓe shi, sai ya rantse ranar da ta ƙona shi ba za ta taɓa iyalinsa ba. Ya kira kafinta ya rufe tsakar gidansa kaf da kwano, daga zaure har madafa. Muka yi ta zuwa kallo muna sa albarka. Duk wanda ya samu a garin nan sai ya yi irin nasa. Matarsa Sa'adiya tana kulle, 'yarsu Ummulkhairi kuma ba ta rabuwa da gindin uwarta. Koko da biskit da lemon kwalba take sha, don a ganin Alhaji nono abincin marasa hali ne.

A 'yan shekarun baya ne abin ya faru. Yarinyar ta wuce shekara biyu ba ta tafiya. In an tsayar da ita sai ta fasa kuka, ƙafafun sun lanƙwashe kamar baka. Haƙoran sun makara, waɗanda suka fito kuma suna marmashewa. Wasu suka ce shan inna ne, wasu suka ce iskokin kanal. Alhaji ya gaji da surutu, ya aika aka kira Baballe mai ɗori, don ya miƙe ƙafafun da ƙarfi ya ɗaure da kara.

Sa'adiya ce ta aika wa Malama Asta a ɓoye. Malamar ta iso ta tarar da mu a zaure, Baballe yana fiƙe kara, an kwantar da yarinya a tabarma, an ce mu danne ta.

"Kai Babarbare, ajiye karan nan," in ji ta. Ko sallama ba ta gama ba.

Baballe ya yi dariya, don ita Bafillatana ce, akwai wasa tsakaninsu. "Uwar ɗakina, ke me kika sani ban da nono?"

"Ai nonon ne maganin yau. Ka taɓa ɗora ƙashin da bai karye ba?"

Alhaji ya ɓata fuska. "Malama, gidana ne nan."

"Na sani, Alhaji. Ba ni hannunka."

Ta kama hannunsa ta ɗora a ƙirjin 'yarsa, ta bi da yatsunsa kan haƙarƙari. Kowane ƙashi da ƙullutu a jikinsa, a jere kamar 'ya'yan carbi. Ta nuna masa wuyan hannu, a kumbure. Alhaji ya fizge hannunsa kamar ya taɓa wuta. Kullum yana ɗaukar yarinyar nan, bai taɓa ji ba.

"Innalillahi! Wa ya yi mata wannan?"

Malama Asta ta ɗaga kai ta dubi kwanon. Mu ma muka duba. Azahar ce tsaka, amma tsakar gidan duhu kamar cikin rumbu.

Ta yi mana bayani da yaren da muke ji. Ta ce ƙashin yaro gini ne da ba a gama ba. A jikinsa akwai wasu sinadarai masu aiki kamar leburori, su ke ɗora ƙarfi a kan ƙashi da haƙori. Kayan aikinsu daga abinci yake zuwa, irin su nono da ƙananan kifi. Amma tsakanin hanji da jini akwai ƙofa kamar ƙofar kanal, mabuɗinta kuma wani abu ne da ake kira bitamin D, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta. Babu rana, babu mabuɗi. Ƙashi ya yi ta tsawo yana laushi, nauyin jiki ya tanƙwara shi.

"Wato rana?" in ji Alhaji. "Ranar da na kashe dukiyata na kore ta?"

Baballe ya tattara karansa. Ya ce, "Wallahi da na ja ƙafar nan da ta karye a hannuna."

Washegari Malama Asta ta bar aikinta ta raka su asibiti a Kano. Aka ɗebi jini. Sakamako ya nuna leburorin nan sun yi yawa fiye da kima, jiki yana ta ƙaro su, suna ta fama babu kayan aiki, kamar injin ban-ruwa da ke ƙara a busasshen rami. Aka duba Sa'adiya, wadda ta daɗe tana kukan ciwon ƙugu ga ta kuma da juna biyu, ita ma abin ya taɓa ta. Aka ba su magani. Da suka dawo Alhaji bai jira kafinta ba. Da kansa ya hau ya yaye rabin kwanon, mutane suna tsaye a waje suna cewa ya taɓu.

Abin da ya fi girgiza mu yana gaba. Malama Asta ta bi gidajen da aka rufe ɗaya bayan ɗaya. Ba duka ba, amma a da yawa ta samu yaro mai irin wannan ƙafa ko haƙori. Gidajen masu hali! 'Ya'yan Fulanin da ke rugar bayan gari, masu yawo a rana suna shan kindirmo, ƙafafunsu sambal. An zagi Malama Asta. Wani ya ce ta zo raba mata da kulle. Ta ce masa, "Ni ban ce matarka ta fita ba. Na ce rana ta shigo."

Ke ce, Malama, kika tsaya tsakanin yarinya da kara alhali mu maza muna shirin danne ta. Ke ce mai faɗa wa mai gida gaskiya a cikin zaurensa. Kin yi ta sintiri kina duba ko an ba da magani, ko an fito da yara hantsi, ko an saya musu nono. Ba ki taɓa cewa Alhaji mugu ne ba. Kin ce so ne ya yi yawa, ilmi ya yi kaɗan.

Ba zan yi ƙarya ba, ba kowa ya warke sarai ba. Akwai yaron da aka makara, har yau yana tafiya yana rangaji, kuma duk wanda ya gan shi ya san laifin manya ne. Amma Ummulkhairi yanzu da ƙafarta take zuwa Islamiyya. Jiya na ga uwarta na ƙwala mata kira daga zaure ta daina gudu, ba ta ko waiwayo ba.

Mun gode, Malama Asta. Allah Ya saka miki, Ya sa ki huta lafiya. Wadda za a turo a madadinki, ta sani kujerar ofis ba ta ganin haƙarƙarin yaro, sai an shiga gida. Ku kuma magidanta, kada ku jira wata Asta. Yau ɗin nan kowa ya ɗauki ɗansa, ya shafa ƙirjinsa da hannunsa.