Goron Taron Taswira

Ni dai karatun bokona bai wuce aji biyu ba. Ranar da anka fara dashen albasa a fadamarmu ta Aliero na ɗaga hannu na ce wa malami za ni fitsari, kuma ina jin har yau bawan Allah yana jiran in dawo. Abin da na iya a duniya albasa ce da surutu. Saboda haka da ɗiyata ta gama jami'a ta shigo gida da kwamfuta cikin jaka, sai na ɗauka Allah ne ya biya mini karatun da na bari. Ba zan faɗi sunanta ba. Ɗiyar fari ce, ko a gida "ke" nake ce mata, in kuwa ana yabonta a gabana sai in shiga gyaran hula.

Wata ƙungiya ta shiga ta masu tara bayanai. Yadda ta fahimtar da ni, mutane ne a garuruwa daban-daban, suna tattara labarin rijiyoyi da hanyoyi da farashin kasuwa, su sa kwamfuta ta yi lissafi a kai, sannan su zuba a intanet kowa ya ɗiba kyauta. Na tambaye ta ribar fa. Ta ce ribar ita ce kowa ya sani. Na ce to, mu ma muna da irinsu a bakin masallaci, sai dai su ba su da kwamfuta.

Ita anka ba reshen yankinmu, Jega da Aliero da Maiyama, har da aron kwamfutar nan. Kowane wata ƙungiyar kan fitar da labaranta a waya: abin da kowane reshe ya yi, da abin da ke tafe. In ta zo gaishe mu daga gidan mijinta takan zauna gefen tabarmata ta karanta mini. Reshen gari kaza sun yi bita. Reshen gari kaza sun zana taswirar asibitocinsu. In ta iso kan namu sai muryarta ta yi ƙasa, don ba a rubuta komai.

Ba don ba ta ƙoƙari ba. Ta sha kiran taro ta waya. Na farko mutum ɗaya ya zo, shi ma ya ji ƙarar janareto ne ya kawo cajin waya. Daga baya shugabarsu, wata mata da ke can nesa, ta sanar cewa duk reshen da bai tara mutane ba kafin damina za a haɗe shi da na birni, a karɓe kwamfutar. Ɗiyata ta sa taro na ƙarshe ranar wata Asabar da hantsi, a wani ajin makaranta a Maiyama, za a koya wa mutane sa wurarensu cikin taswira. Da ta faɗa mini tana shafa murfin kwamfutar kamar mai lallashin jinjiri.

Na ce, "Ke, ta ina kike gayyatar mutanen?"

"Ta waya, Baba. Na tura saƙo ko'ina."

"Saƙo ba a cin shi."

"Baba, don Allah kar ka sa hannu."

Na ce ban sa ba. Da gari ya waye na hau mota sai kasuwar Jega.

Ina da taubashi mai sayar da goro a can, ɗan kawuna, wanda tun muna yara bai taɓa ganina ya bar ni lafiya ba. Yana hango ni ya ce, "Ga bawana ya zo gaishe da ubangidanshi. Matsa can, warin albasa zai kashe mini goro."

Na ce ya ɗaure mini goro mai yawa, fari da ja, ya haɗa da alawa.

"Mi ya samu? Wa ta rasa miji har ta yarda da kai?"

"Na ɗiyata ne."

"Wacce?"

"Ta farin."

Ya tsaya da hannu cikin huhun goro. "Ita wagga ba tana da miji ba?"

"Shina nan lafiya lau."

Ya dube ni, na dubi rumfa. Ku gane matsayina. Uba ba ya tsayawa tsakiyar kasuwa yana bayanin ɗiyar fari, ta yi kaza, ta iya kaza. Ko da ma babu kunyar, in anka ce in bayyana taron, ban san ta inda zan kama ba. Shi kuwa taubashin nawa ya ga abin dariya ya faɗo mishi daga sama, bai ƙara tambaya ba. Har gyara ya yi mini, abin da bai taɓa yi ba.

Na bi gari na raba goro yadda anka saba. Na ba masu albasa na Aliero, na ba mahauta da direbobin Jega, na aika Katanga da Dangamaji, na kai wa limamin unguwarmu da hannuna, na ba wata tsohuwar ƙawar uwata a Giwa Tazo. Kowa kalma ɗaya nake gaya mishi ina kallon ƙasa: "Goron ɗiyata ne. Asabar da hantsi, makarantar Maiyama." Su ce Allah ya sa alheri, Allah ya kai mu. Ba wanda ya tambayi wane irin taro. A ƙasarmu goro da alawa ba su da fassara biyu, kuma kowa ya san ɗiyar ba ta da ciki balle a ce suna.

Ana saura kwana kaɗan surukina ya zo da la'asar. Direba ne a tashar Jega, mutum mai ladabi har ya yi yawa. Daga baya na ji cewa abokan aikinshi sun yi ta dafa mishi kafaɗa suna ba shi haƙuri, wani har ya miƙa mishi goron matarshi. Ya san taron taswira ne, shi zai ma kwaso mata benci. Ya zo ne ya gaya mini na yi ɓarna. Ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau."

"Ya gajiya. Ya albasa."

"Mun gode Allah."

"Ya kasuwa. Ya zafi."

Ya tambayi lafiyar kowa har awaki, ya sake dawowa kan albasa. Suruki ba ya gyara wa uban matarshi magana, kuma ba ya komawa gida ya kai ƙarar uba wurin ɗiya. Da na ga ya daɗe durƙushe sai na tausaya mishi, na sa hannu aljihu na ba shi goro biyu. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Ranar Asabar na sa babbar rigata na isa Maiyama da wuri. Ɗiyata ta jera benci kaɗan a aji, ta rataya farin zane a bango don majigi, ta jingina waya a kan tebur inda shugabarsu za ta riƙa kallo daga nesa. Tana ta leƙen taga.

Sai motoci sunka fara tsayawa. Maza cikin shadda mai sitaci, ƙamshin turare har bakin titi. Mata da lalle, ɗauke da kwanonin waina da fura, wasu da sabulu da bokitai da atamfa na gudummawa. Aji ya cika, anka shimfiɗa tabarmi a waje. Wani maroƙi da ban ma ba goro ba ya iso a kan babur yana gyaran murya. Taubashina ya zauna a layin gaba, ya harɗe ƙafa kamar wanda ya sayi tikiti.

Da farko fuskar ɗiyata ta yi haske. Sai wata mata ta kama hannunta ta ce, "Amarya ko lalle ba ki sa ba?"

Ta juyo ta neme ni. Na shiga gyaran hula.

Liman ya zauna, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, bismilla. Waliyyin ango ya matso."

Ba wanda ya matso. Surukina yana tsaye bakin ƙofa rungume da benci, kamar ya nutse cikin ƙasa da shi.

Ɗiyata ta ja ni bayan aji. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Baba, mi ka gaya musu?"

"Na ce su zo. Ga su sun zo."

"Shugabarmu tana kallo. Yanzu in na ce ba aure ba ne za su watse a gabanta, gara ma a ce ba kowa ya zo ba." Idonta ya kawo ruwa. "Ka koma ka faɗa musu da bakinka."

Na koma. Na tsaya gaban jama'a, kuma a karo na farko a rayuwata surutu ya ƙi zuwa. Na ce aure dai babu. Mijinta ga shi can da benci. Abin da ke akwai kwamfuta ce.

Taubashina ya kifa kai a gwiwa kafaɗunshi suna rawa don dariya. Daga baya guna-guni ya tashi. Mahauta sunka fara neman takalmansu. Wani ya ce ya bar albasa a rana saboda wanga abu.

Liman ya ɗaga hannu. "Ku dakata. Wa ya ci goron bawan Allah nan?"

Kowa ya ci.

"Ni ma na ci, har alawar na kai wa jikoki. Wanda ya ci goron mutum ya zama mai shaida. Ba a ce mana aure ba, mu munka ce wa kanmu. Ku zauna mu shaida abin da anka kira mu, a yi fatiha, sannan kowa ya tafi." Ya juya gare ni. "Kai kuma za mu gamu."

"Allah gafarta Malam."

Anka zauna da fuska a ɗaure. Ɗiyata ta share ido da gefen mayafi, ta kunna majigi. Taswira ta fito a kan zane, ta nuna musu titin da sunka biyo, da gada, da kasuwar Jega. Ta ce duk wanda ke duniya yana iya buɗe wannan, kuma abin da babu a ciki, mai nema daga nesa zai ɗauka babu shi a ƙasa.

Wani dattijo daga Katanga ya matso ya ƙura ido. "Ina rijiyar unguwarmu?"

"Ba a sa ba, Baba. Nuna mini wurin."

Ya ɗora yatsa a zane, ta danna, ɗigo ya fito da suna. Ya koma ya zauna yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

Wani mutumin Dangamaji ya miƙe. "Tasu da ke ƙafewa tun kafin bazara anka sa? Tamu fa?"

Daga nan ba wanda ya sake tuna takalmi. Masu masallaci, masu injin niƙa, masu mashayar shanu, kowa yana turo yatsa. Direbobi sunka yi gardama a kan inda hanya ke yankewa da damina har sai da Liman ya raba. 'Yan mata biyu da wani malamin makaranta sunka roƙi a nuna musu yadda ake dannawar, ta ba su kwamfutar sunka karɓi aikin. Duk wanda ɗigonshi ya fito, maroƙi ya yi mishi kirari. Da ya lura da matar da ke cikin waya ita ma ya wasa ta sosai, ya haɗa ta da kakannin da ba ta taɓa ji ba.

Ni ma na ji daɗin abin, sai da taubashina ya miƙe ya ce a sa rudun albasar bawanshi, wato rumfar da nake ɓoye albasa har ta yi tsada, ya kuma fara kwatancen wurin. Na ce bayanin da kowa ke ɗiba kyauta na yarda da shi, amma a tsaya a kan rijiya. Ɗiyata ta ce ba a sa kayan mutum sai da yardarshi. Ranar nan na san karatun nata na da amfani.

Anka yi fatiha bayan azahar, anka cinye wainar biki. Shugabar ta daɗe tana magana da Turanci, ɗiyata tana gyaɗa kai. Da anka kashe waya ta maida kwamfutar cikin jaka, ta rataya a kafaɗa.

"Reshe ya tsira, Baba. Ta ce in aika hotuna a sa cikin labaran wata, kuma mu sa taro na gaba a Jega."

Na fara gyara tsayuwa don karɓar godiya. Ta nuna mini tarin bokitai da sabulu da atamfa a kusurwar aji.

"Waɗannan na amarya ne, kuma babu amarya. Gida-gida za ka maida su, ka yi wa kowa bayani."

Haka na yi ta yawo a bayan babur da bokitai rataye a wuya, ana nuna ni ana dariya daga Aliero har Maiyama. Kowa ya karɓi kayanshi ya ƙara mini da baƙar magana. Ta ƙarshe ita ce tsohuwar nan ta Giwa Tazo, wadda ta kawo faifai sabo mai launi, saƙar hannunta. Na yi mata bayani tun daga farko. Ta saurara, ta tura mini faifan.

"Ni ban karɓar abin da na riga na bayar. Ita wagga na'ura, a gidanta take kwana?"

Na ce eh.

"To ita ce amaryar, an kawo ta ke nan. Ka kai mata."

Na kai. Da zafin bazara ya tsananta kwamfutar ta riƙa ɗaukar zafi tana huci, da faifan nan ake yi mata fifita.